Akwatina da Matan Ranar Taɓare

Litinin, 4 ga Nuwamba 1929

Yau na kwance kayan, karon farko tun saukata Matameye. Ba abin da ya fashe, alhamdu lillahi. Akwatin ɗaukar hoto mai motsi lafiya lau, injin nunawa ma haka, kwalaben maganin wanki ba su zube ba. Zaren hoton ne kaɗan, naɗi takwas kacal, kuma kowane naɗi kafin mutum ya shanye ƙwaryar fura ya ƙare. In suka ƙare shi ke nan, ko a Damagaram ba mai sayar da irinsu.

Tun da aka kwashe mu soja ban sake taka garin nan ba sai yanzu. Yaƙi ya ƙare, kowa ya nufo gida, ni na maƙale a Marsai, can ƙasar Nasara a ƙetaren teku, wajen wani tsoho mai shagon hoto, da fari ina shara, daga baya ina wanke hotuna. Ran Lahadi in tafi sinima in ga matan Nasara suna dirowa daga kan jirgin ƙasa suna kama ɓarayi, jama'a na ta tafi. Ni kuwa in ce a raina, da kun san Ranar Taɓare da ba ku ɓata tafinku a nan ba. Abin da ya kawo ni ke nan. Ba gwamnati ta aiko ni ba, ba kowa ba, ni da akwatina ne. Tsohon ya ce wurina na nan yana jirana. Kamiyon gyaɗa na ƙarshe, babbar motar kaya, zai gangara Kano farkon shekarar Nasara, shi zan bi.

Me zai zaunar da ni? Inna ta rasu ina can.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Bari in rubuta labarin don kada in rikice wajen tsarawa. Gab da zuwan Nasara, ina ɗan yaye, mazan unguwarmu suka tafi gayya wajen Dungu. Da hantsi mahara suka faɗo a kan raƙuma, suka nufi rumbuna. Ba kowa a gida sai mata a bakin turame. Suka zuba barkono a wuta, suka watsa wa mutanen tafasasshen kunu, ɗaya ta turo amya daga kan gawo ƙudan zuma suka kama aikinsu, sauran suka bi su da taɓare har bayan shinge. Wadda ta fara fita, kowa a garin nan ya sani, Mariyama ce, Innata.

Abin da ba zan gaya wa kowa ba shi ne ban san fuskarta sosai ba. Ni ne ɗan farinta. Tun yaye Gwaggo Habi, yayar babana, ta ɗauke ni. Gida ɗaya muke, amma in na shigo ta nan Inna ta juya ta can. Ba ta taɓa kama sunana ba, in ta kama dole sai ta ce “ɗan Habi”. Ranar da aka tafi da mu soja matan unguwa duk sun raka mu gindin kuka, ita tana tsakar gida tana sheƙar gero, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na san al'ada ce, kunyar ɗan fari ce, na sani sarai. Amma a cikin ramin yaƙi, laka har gwiwa, sanin bai ɗumama ni ba. Ƙeyarta kawai nake tunawa, da ɗaurin kallabinta.

Ina so ta dube ni sau ɗaya. Ko a jikin farin zanen nuna hoto ne, ko da fuskar aro ce.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Fuskar aron ita ce Balki, ƙanwata. Na bar ta tana wasan 'yar tsana, na tarar da ita da ɗa. Kowa na cewa Inna ce ta sake dawowa. Da na yi mata maganar sai da ta yi dariya har da riƙe ciki. “Yaya, in na zama Inna wa zai yi mini daka?” Mijinta Isufu, mai lambun rake, bai ma bari na gama roƙo ba. Ya yarda, amma da sharaɗi shi ne zai zama shugaban mahara. Har ya aro raƙumi.

Cikin matan ranar biyu suka rage, Gwaggo Habi da Salamatu wadda ta turo amyar, ita kuma ido ya yi nisa. Na zauna ina yi musu bayanin yadda zan tsara abin, Gwaggo ta tsaya da kaɗin audugarta ta ce, “Kai da ranar ko hancinka ba ka iya sharewa, kai ne za ka gaya mana yadda aka yi?” Ta naɗa kanta sarauta, ba wanda ya tanka. Ni kaina da na tsaya gaban igwa ban tanka ba.

Talata, 12 ga Nuwamba

Wani gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo daga Kance yana tambaya ko Kumandan, Baturen mulki, ya san da akwatina. Na tsayar da shi a rana, na juya masa hannun akwatin ba zare a ciki. Ya ƙame, ya sara, ya tafi yana murna.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Mun fara. Matan unguwa da taɓarensu, Isufu da abokansa uku sun naɗe fuska da rawani.

Barkono ne ya fara ba mu kashi. Na ce a ɗan barbaɗa, Gwaggo ta juye ƙwarya guda. Mahara na tari, mata na tari, raƙumi ya juya ya kama hanyar gidan ubangijinsa, ni ina juya hannun akwati hawaye na zuba. Allah kaɗai ya san abin da ya shiga ciki.

Sai dukan. Na gaya musu, na maimaita, ku yi kamar kuna duka, kada ku taɓa su. Wata 'yar siririya da ban ma san sunanta ba ta sauke wa Isufu taɓarya a kafaɗa sai da ya durƙusa. Na yi tsawa. Gwaggo ta ce, “Mu ranar ba kamar-kamar muka yi ba.” Isufu dai mutumin kirki ne, ya miƙe yana dariya yana cewa ba komai Yaya, amma na ga yadda yake riƙe hannun.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma rabona da irin dariyar yau tun kafin soja.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na yi wankin zaren hoto a tsohon rumbun babana. Na liƙe kafofin da laka, na ja tabarma a baki, ruwan randa da ya kwana ya yi sanyi daidai. Naɗin farko hayaƙi ne zalla. Na biyun ya fito.

Ba inda ya fi duhu kamar ɗakin Inna, tun rasuwarta a rufe yake. Na buɗe. Azara biyu sun karye ta gabas, ruwan damina ya zana bango. Adudunta na nan, turminta na kife a bayan ƙofa. Ƙamshin ɗakin kuwa bai canza ba, hayaƙin kara da man shanu. Da ina yaro nakan wuce ta ƙofar nan a hankali don in shaƙa, ban taɓa shiga ba.

Na kafa farin zane, na toshe ƙofa, mata suka cika ɗakin. Da hoton ya motsa wasu suka yi waje da gudu suka dawo. Salamatu ta rarrafa har gaban zanen tana shafa shi, wai ita inuwa kawai take gani amma ta gane tsayin kowa. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ina muryarmu?” Na ce akwatin ba ya riƙe murya. Ta ce, “Ko mutum ya yi ihu?” Na ce ko ya yi ihu. Ta dubi zanen ta ce, “Ashe bebe ne. To.”

Ban san me “to” ɗin yake nufi ba, da Gwaggo ba a tambaya.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

An buɗe adudun. Balki ta ɗaura zanen saƙin Inna da kallabinta, ta juya baya tana gyara ɗauri. Na ce zan duba raƙumi, na fita. Raƙumin ma ba ya nan.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Mun yi faɗa da Balki.

Ɗan farinta Ummaru, bai daɗe da iya tafiya ba, ya faɗi a tsakar gida ya fasa leɓe. Ya miƙo mata hannu yana kuka, ita kuwa ta ci gaba da tankaɗe, ta ce wa maƙwabciya, “Ɗauke yaron can.” Jinina ya tafasa. Na ɗauke shi da kaina, na ce mata, “Ummaru sunansa. Ki faɗa mana, bakinki ba zai ƙone ba.” Ta ce, “Haba Yaya, a gaban mutane?” Na ce a gaban mutane ɗin. Na ce wata rana zai girma ya tafi inda ba ki sani ba, ya rasa abin da zai tuna sai ƙeyarki. Ta dube ni da idon da ban so ba, ta ce, “Zaman Nasara ya ɓata ka.” Ta kwance kallabin Inna ta ninke ta ajiye mini a kan akwati.

Na yi zafi da yawa, na sani. Amma ba ƙarya na faɗa ba.

Jumma'a, 29 ga Nuwamba

Balki ba ta zo ba. Na zaga kasuwa. Rake ya fara shigowa, na sayi kara ɗaya na zauna gindin kukar da aka yi mana rakiya ina sha. A Marsai na sha yin mafarkin raken nan, sai in farka bakina na motsi. Kukar ta yi mini ƙanƙanta yanzu, ko ni ne na tuna ta da girma.

Talata, 3 ga Disamba

Mun ɗauki turo amya, ba sai da Balki ba. Na ce a nemo wadda ba kowa a ciki. Salamatu ta ce ita ta san inda za a samo, kuma ba wanda zai hau gawon sai ita. Da ƙyar aka lallashe ta ta tsaya a ƙasa ta ja igiya. Amyar na faɗowa na ji ƙugin. Tsohuwar nan da gangan ta yi. Na bar akwatin na ruga lambun Isufu na faɗa cikin kwari, na tarar da maharan duka huɗu sun riga ni. Salamatu na zaune ta lulluɓe da zane tana ƙyaƙyata dariya, ko ɗaya bai harbe ta ba.

Rabin naɗin sama ce da ganyen gawo. Idona na hagu a rufe yake. Zare ɗaya ya rage mini, na fitowar Inna.

Asabar, 7 ga Disamba

Ina duba naɗin watsa kunu, wanda muka ɗauka kafin faɗan, na ga wani abu a gefe da ban lura da shi ba ranar. Balki na tsaye da ludayi, fuskarta na kallon mahara. Ummaru ya taho wajen murhu. Ba ta waiwaya ba, ba ta sunkuya ba, ƙafarta kawai ta miƙa ta tare shi, ta tura shi baya a hankali. Yaya aka yi ta san yana nan?

Na maido wurin na sake kallo. Da la'asar na kai mata kallabin da kaina, da goro. Ta karɓa.

Laraba, 11 ga Disamba

Dole in rubuta wannan.

Na tsara komai da safe. Na ja layi da toka a bayan shinge. Na ce wa Balki, ki fito ta ƙofa, ki rugo, ki tsaya kan tokar nan, ki ɗaga taɓarya, ki dubi gilashin akwati ido cikin ido, kada ki kau da kai. Ta ce to. Na ga Gwaggo ta ja ta gefe ita da Isufu suna ƙus-ƙus, ban kula ba, hankalina na kan rana.

Na fara juyawa. Isufu, maimakon ya nufi rumbu yadda muka shirya, sai ya sunkuya ya sure Ummaru daga kan tabarma, ya saƙale shi a hammata ya ruga wajen raƙumi. Yaron ya tsandara kuka. Kafin in buɗe baki Balki ta fito, ba ta ƙofa ba, ta kan ƙayar shingen ta diro, kallabi ya maƙale a ƙaya, kai ba ɗauri. Ta tattake tokata ta wuce. Tana gudu tana kira da iyakar muryarta, “Muntaka! Muntaka!”

Na zaci ni take kira, wani abu ya faru. Zan saki hannun akwatin, Gwaggo ta damƙe wuyan hannuna ta ci gaba da juyawa da ni. “Juya,” ta ce. Balki ta cim ma Isufu, ta sauke masa taɓarya a damtse, ta fizge yaron ta rungume, sauran mata suka biyo ta da gudu. Zare ya ƙare. Ko sau ɗaya ba ta dubi gilashin ba.

Na yi ta faɗa. Na ce sun ɓata mini naɗin ƙarshe, na ce abu ɗaya na roƙa, kallo ɗaya, na tsallako teku dominsa. Na ce ita kuma Balki yaushe ta fara kama sunana gatsau. Gwaggo ta bari na gama. Sannan ta naɗe mini hannun riga har kafaɗa, ta ɗora yatsa kan tabon da tun ina yaro aka ce mini faɗuwa na yi kan shinge.

“Igiyar raƙumi ce wannan,” ta ce. “Hatsi ai mun riga mun sallama shi, kowa ta shige ɗaka ta ja ƙofa. Kai aka ɗauka. Mariyama ta hango ta kafar zana, ta fita yadda ka ga 'yarta ta fita, tana kiran abin da ka ji. Muryarta ce ta fito da mu. Barkono da kunu duk daga baya ne.”

Na ce to don me ba wanda ya taɓa gaya mini.

“A gaban uwar mijinta fa, kai ba kallabi, tana kiran sunan ɗan fari har ana ji a lambuna. Ta daɗe ba ta iya zuwa rijiya ba don tsiyar da mata ke mata. Ta roƙe mu mu ce rumbuna muka tsare, muka ce rumbuna. Yanzu ta kau, akwatinka kuma bebe ne, ba zai kai ta gaba ba.”

Balki na can gefe ta miƙa yaron ga maƙwabciya, tana cire ƙaya daga ƙafa, ta ƙi kallon kowa.

Alhamis, 12 ga Disamba

Ban fita ba.

Lahadi, 15 ga Disamba

Na wanke shi. Ban taɓa jin tsoron wanki irin na yau ba, sai da na yi bisimilla a kan kowace kwalba. Ya fito tsaf, ya fi duk sauran.

Na kalla ni kaɗai a ɗakin Inna da azahar. Ba ta fuskanto ni ba, ta gefe take wucewa, gashi a tsefe, zanen saƙi na kaɗawa. Amma bakin yana fitowa sarai. Leɓe ya haɗe, ya buɗe, ya ƙara buɗewa. Ba ƙara sai ƙarar hannun inji.

Da yamma Gwaggo na kaɗi, ba tare da na tambaye ta ba ta ce, “Geron nan na ranar tafiyarka, tun hantsi ya gama sheƙuwa. Har magariba tana sheƙarsa.” Ta ci gaba da kaɗinta.

Jumma'a, 20 ga Disamba

Na haɗa naɗin duka na nuna wa unguwa, rukuni-rukuni, don ɗakin ba ya ɗauka. Wajen barkono an yi dariya, wajen amya har da masu birgima, Salamatu na ta ba da labarin yadda soja ya yi gudu. Isufu da hannu a ɗaure yana nuna kansa yana cewa ku dubi jarumi. Matan suna mayar wa hoton muryarsa, kowace na faɗin abin da ta faɗa ranar ɗaukar hoton.

Da Balki ta diro ta kan shinge bakinta ya buɗe, ɗakin ya yi tsit. Ba wadda ta cika mata kalmar. Ummaru na kan cinyata, yana nuna zanen da yatsa.

Litinin, 6 ga Janairu 1930

Kamiyon gyaɗa ya wuce da safe. Na ji ƙararsa ina kan rufin ɗakin Inna, muna sa sababbin azara. Ba zai yiwu in bar ɗakin haka ba, in damina ta sauka bangon gabas zai tafi. Ga Isufu da hannu ɗaya, rake kuma ya isa sara, ni na jawo masa. Tsohon Marsai zai sami wani mai wankin, ba wuya. Ko in tafi baɗi.

Ɗazu Ummaru ya shigo, Balki ta juya masa baya tana tsintar wake. Ƙafarta na duba.

Zaren ya fara karcewa don yawan juyawa, dole in rage. Sau ɗaya kawai na kalla yau, bayan an tashi aiki. Ta diro, bakin ya haɗe, ya buɗe. Ban san lokacin da na amsa ba. Na'am na ce.